Kafin Ka Kai Jarumarka Ƙasar Ƙanƙara, San Wanda Zai Hura Mata Wuta



Duk mai bibiyar littattafan da ake saki shafi-shafi a Facebook da WhatsApp da Wattpad ya san jiragen sama sun yawaita a labaran Hausa. Kafin a kai babi na biyar an ɗaga da jaruma zuwa Jamus karatun likita, ko an tura maigida Rasha wani kwas, ko ango da amarya sun tafi Suwizalan cin amarci. Babu laifi a wannan. Bahaushe matafiyi ne tun zamanin fatake, don haka labarinsa ma yana da 'yancin tafiya. Inda gizo ke saƙar shi ne, da an sauka daga jirgi sai ƙasar ta koma hoton kalanda: ƙanƙara a waje, kofin shayi a hannu, ga wata wuta tana ci bal-bal a jikin bango tun magariba har asuba. Ba wanda ya faskara itacenta, ba wanda ya kwashe tokarta, ba kuma wanda yake jin tsoronta.

Ra'ayinmu a wannan makon shi ne: duk abin da marubuci bai san yadda ake sarrafa shi da yadda ake kula da shi ba, bai isa shiga labarinsa ba tukuna. Za mu kafa hujja da abu guda, wato murhun tayil da mutanen tsakiya da arewacin Turai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗumama ɗakunansu da shi. Jamusawa da mutanen Ostiriya suna ce masa Kachelofen, a Suwidin kuma kakelugn. Gaskiya ne yau yawancin gidajen biranensu bututun ruwan zafi ne ke ɗumama su, amma murhun yana nan daram a tsofaffin gidaje da ƙauyuka, kuma a 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa gas ya yi tsada, mutane da yawa sun koma neman itace da masu gyaran murhu.

Mu fara da siffarsa. Gini ne na ƙonannen tubali da yumɓu a kusurwar ɗaki, sau da yawa ya fi mutum tsawo, nauyinsa kan kai tan guda ko fiye, an lulluɓe jikinsa da tayil mai sheƙi. A ƙasa akwai ƙaramar ƙofar ƙarfe inda ake zuba itace. Ba girki ne aikinsa ba, kuma ba a zama ana kallon wutarsa dare guda. Ana hura masa wuta mai ƙarfi ta awa ɗaya ko biyu, tubalin ya shanye zafin, wutar ta mutu, sannan ginin ya dinga sakin ɗumi a hankali na tsawon awa 12, wani ma har awa 24. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Haka gidan burodi na gargajiya yake aiki: a ƙona itace a ciki, a janye garwashi, a gasa burodi da zafin da ginin ya riƙe. Haka ma tanderun gurasa, haka gadon ƙasa da kakanninmu ke hura wa wuta a ƙarƙashi saboda maijego ko tsoho. Bambancin yana cikin cikin murhun, kuma nan tarihi ya shigo.

A ƙarni na 18 hukumomin Suwidin sun tsorata da yadda itace ke ƙarewa, domin masana'antun ƙarfe na cinye gawayi, gidaje kuma na ƙona itace a buɗaɗɗen murhu wanda mafi yawan zafinsa ke bin hayaƙi ya fice. A 1767 wasu mutum biyu, Carl Johan Cronstedt masanin zanen gini da Janar Fabian Wrede, suka gabatar da sabon tsari. Maimakon hayaƙi ya miƙe kai tsaye zuwa waje, sai suka yi masa lunguna a cikin ginin: ya hau, ya sauko, ya sake hawa, yana barin zafinsa a jikin tubali kafin ya kai bututun fita. Da haka ɗan itace kaɗan ya wadatar da ɗakin da a da yake cin dami. Murhunan zamani masu irin wannan tsari kan amfana da wajen kashi 80 cikin 100 na zafin itacen. Ashe tsumulmular itace ce ta haifi murhun, ba son ƙawa ba. Marubucin da ya san haka ba zai sa talakan ƙauyen Suwidin yana jibga faskare a wuta kamar mai dafa abincin biki ba.

Sai yadda ake hura shi. Aikin yana farawa shekara guda ko biyu kafin a ƙyasta ashana, domin ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, murhun kuwa yana son wanda ruwansa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Shi ya sa baƙo zai ga faskare jere reras a jikin gidaje, an rufe samansa an bar gefe iska na ratsawa. Masu abin suna gane busasshe da tsagewar bakinsa, da kuma ƙarar da yake yi idan an gwara biyu. Ba a saka katako mai fenti, ba a saka roba ko shara. A Jamus doka ce ma ta hana.

Kafin a kunna, sai an buɗe murfin bututun hayaƙi. Idan murhun ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, iska mai sanyi kan tsaya a bututun ta hana hayaƙi hawa, sai a ƙona ɗan guntun takarda a ƙaramar kafar shara don a ja iskar sama. Daga nan a jera manyan faskare a ƙasa, ƙirare a sama, a kunna daga sama. Bahaushen da ya saba tura ƙirare ƙarƙashin itace zai ga abin a juye, amma akwai dalili: hayaƙin da ke tasowa daga itacen ƙasa dole ya ratsa harshen wutar da ke sama, a nan ya ƙone, maimakon ya fita baƙi ƙirin. Fetur da kalanzir kuwa ko kusa ba a kai su.

Kuskuren baƙo na farko shi ne ya toshe wa wutar iska don ta daɗe. Wannan murhu so yake wutarsa ta ci da ƙarfi, ta yi haske, ta gama. Wutar da aka shaƙe tana cin ciki, tana zubar da baƙar kwalta a lungunan ginin, kuma idan iskar da ba ta ƙone ba ta taru sannan ta kama lokaci guda, tana iya tsaga murhun. Kuskure na biyu shi ne rashin haƙuri. Baƙo ya hura wuta, ya taɓa tayil ya ji sanyi ƙalau, sai ya ƙara itace, ya sake ƙarawa. Bai san zafin yana kan hanya ba, sai bayan awa ɗaya ko biyu yake isowa waje. Kowane murhu yana da adadin kilon itacen da magininsa ya ƙayyade masa, wanda ya zarce ya fasa tubali. A Suwidin akan ce idan tayil ya yi zafin da ba za ka iya ajiye tafin hannu a kai ba, to an wuce gona da iri.

Yanzu mun zo gaɓar da rai ke ciki. Idan wuta ta cinye, sai a rufe hanyar iska da murfin bututu don kada ɗumin ya gudu sama. Wanda ya makara wajen rufewa ya yi asarar itacensa, ya kwana cikin sanyi. Wanda ya yi gaggawa, ya rufe alhali akwai sauran shuɗin harshen wuta na lasar garwashi, to ya kulle iskar kabon monoksaid a cikin ɗakinsa. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Rashawa, waɗanda nasu babban murhun na tubali har da wurin kwanciya a samansa, sun san wannan guba har sun ware mata kalma: ugar. Ƙa'idar ita ce a jira har harshen wuta ya ɓace ƙurmus, garwashi ya dusashe, sannan a rufe. Gidajen yau kan ƙara da ƙaramar na'ura mai ƙara idan iskar ta taru.

Mu da muke riƙe da alƙalami muna da dalili na musamman na tuna wannan. Émile Zola, ɗaya daga cikin manyan marubutan Faransa, ya mutu ranar 29 ga Satumba, 1902, a ɗakin kwanansa a birnin Faris, saboda bututun hayaƙin murhunsa ya toshe. Matarsa Alexandrine ta sha da ƙyar. Nasa ba murhun tayil ba ne, amma gubar ɗaya ce, har yau kuma ana gardamar ko haɗari ne, ko maƙiyan da ya yi wajen kare Alfred Dreyfus ne suka toshe bututun. Ita ce dai iskar da ke kashe iyalai a garuruwanmu idan aka shiga da kaskon garwashi ɗaki a hunturu aka rufe ƙofa da taga, ko aka kunna janareto a lungun gida. Saboda haka idan marubuci ya rubuta masoya sun rufe ko'ina ruf, sun yi barci mai daɗi kusa da jan garwashi, suka tashi garau, bai tsaya ga rage wa labarinsa daraja ba, ya koya wa yarinya mai shekara 16 cewa babu komai a yin haka. Rashin sani ya fi dare duhu, ballantana a ce marubuci ne ya raba shi ga dubban masu karatu.

Kula da murhun ma aiki ne mai zaman kansa. Toka ba a zuba ta a kwali ko bokitin roba, sai bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye inda babu abin kamawa, domin garwashi kan ɓuya a cikinta da ransa har kwanaki. Tayil ana goge shi da ɗan jiƙaƙƙen tsumma bayan ya huce. Siraran zane-zanen da kan fito a sheƙin tsohon tayil ba abin damuwa ba ne, amma idan aka ga tsaga a mahaɗar tayil da baƙin hayaƙi a gefenta, an daina hura wuta ke nan sai magini ya zo. Bayan watannin zafi ba a afka masa da babbar wuta, ana farawa da 'yar ƙarama a dinga ƙarawa kwana bayan kwana, kuma sai an duba bututu, don tsuntsaye kan yi sheƙa a ciki. Kunkunniya da kwalta idan suka taru a bututu suna iya kamawa da wuta su cinye gida, shi ya sa a Jamus mai sharar bututu, Schornsteinfeger, ba zaɓin maigida ba ne, doka ce ke kawo shi. Yana da baƙaƙen kayan aiki, a al'ada har da doguwar hula, kuma mutanen can na ɗaukar haɗuwa da shi alamar sa'a. A Suwidin alhakin ganin an share an kuma duba yana wuyan ƙaramar hukuma. Wani abin sha'awa, tsofaffin murhunan da yumɓu aka ɗaure su, ba siminti ba. Idan sun tsufa, magini kan sa wa kowane tayil lamba, ya warware ginin ɗaya bayan ɗaya, ya sake tayar da shi. Murhu guda kan ga jikoki da tattaɓa-kunne.

To me marubuci zai ci a duk wannan? Da farko ya samu agogo. Gidan da ke da murhun tayil yana da tsarin yini: wani ya tashi cikin duhu ya hura, wani ya jira garwashi ya dusashe kafin ya fita aiki. Jarumar da ta iso gidan da aka rufe wata uku ba za ta samu ɗumi a daren farko ba ko nawa ne a jakarta, kuma wannan daren kaɗai ya ishi babi. Sannan ya samu ma'aunin matsayi. A fadar Schönbrunn da ke Biyana, ta bayan bango ake zuba wa murhunan itace, bayi na bin wasu ƙananan lunguna don kada sarakuna su ga toka ko mai kwashe ta. Wanda ya san wannan ya san tambayar da zai yi wa kowane ɗaki mai ɗumi a labarinsa: wa ya sha wahalar, kuma me ya sa ba a ganinsa? Ya kuma samu hanyar nuna hali ba tare da ya faɗa ba. Mai gaggawa zai cika itace, marowaci zai rufe murfi da wuri don kada ɗumi ya tsere, tsohuwa mai gidan haya za ta tsaya a kan ɗalibar Kano sai ta ga ta iya. Ba sai an rubuta "ya kasance mutum mai gajen haƙuri" ba, tsagaggen tayil ya riga ya faɗa.

Manyan da suka riga mu sun lura da irin waɗannan abubuwa. Mark Twain, marubucin Amurka da ya zauna a Balin a 1891, ya tsaya ya kalli murhun Jamusawa da kyau, ya ƙididdige ɗan makamashin da yake ci, har ya yi rubutu yana yi wa mutanen ƙasarsa shaguɓe kan ƙin koyi da shi. Shi kuwa René Descartes, masanin falsafar Faransa, da kansa ya ba da labarin cewa a hunturun 1619, a Jamus, yini ya yi shi kaɗai a wani ɗaki mai murhu yana tunanin da ya zama tushen falsafarsa. Ɗumi mai shiru, marar hayaƙi, wanda ba ya buƙatar a tashi kowane minti goma a iza wuta, shi ya ba shi damar zama.

Mun san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wani zai ce labari ba littafin koyar da sana'a ba ne, mai karatu soyayya ya zo nema. Mun yarda. Ba mu ce a kwashe duk bayanin nan a juye a babi na shida ba, yin haka kashe labari ne. Sanin goma ake yi a rubuta ɗaya. Jimla guda, inda jaruma ta durƙusa ta leƙa ko akwai sauran shuɗin harshe kafin ta ja murfi, ta isa mai karatu ya saki jiki ya yarda da duk abin da ya biyo baya. Amma ba a samun wannan jimlar sai an san sauran taran.

Wata za ta ce yawancinmu ba mu taɓa taka Turai ba, ina za mu san wannan? Matambayi ba ya ɓata. Wayar da ake buga labarin da ita, ita ce ke ɗauke da bidiyon maginan murhu suna aiki, kuma da wuya a rasa ɗan uwa ko ƙawar da ta yi hunturu a can. Awa biyu na bincike ba su kai wahalar buga shafi hamsin ba. Idan kuwa ba za a iya ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: a bar jaruma a Jos ko Mambila, inda marubuci ya san irin sanyin da irin maganinsa.

Na uku zai ce me ya kai mu murhun Turawa ga namu a tsakar gida? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma tana goyon bayanmu ne. Ba kira muke a gina murhun tayil a Katsina ba. Hunturunmu gajere ne, dazukanmu sun riga sun jigata, su kansu Turawan na fama da ƙurar hayaƙin itace har suna tsaurara dokoki a kai. Abin da muke cewa shi ne, idon da ya koyi kallon murhun wasu da kyau zai dawo gida ya ga nasa. Littattafai nawa ne suka nuna yadda ake gyara zaman duwatsun murhu don tukunya ta daidaita, ko bambancin wutar kara da ta faskare, ko yadda uwar gida ke binne garwashi a toka don a samu na safe, ko hayaƙin jiƙaƙƙen itace a damina da hawayen da yake sa mai girki? Sau da yawa "ta ɗora girki" kawai ake gani, sai kuma abinci ya bayyana a kula. Ciwon ɗaya ne, ko a Balin ko a Bichi: ana rubuta abu daga nesa, ba a taɓa shi da hannu ba.

Ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya rubuta fitowa guda da ba ta wuce kalma 300 ba, inda wani ke hura wuta. Wanda ya ga dama ya ɗauki murhun tayil a ƙauyen Ostiriya, wanda ya ga dama ya ɗauki kurfoti, ko tanderu, ko murhun gidan biki. Sharaɗi biyu ne: kada a faɗi halin mutumin da baki, a bar hannunsa ya nuna, sannan kowane mataki ya zama wanda mai sana'ar zai karanta ya gyaɗa kai. Wanda bai sani ba ya je ya tambayi mai gurasa, ko inna, ko mai gidan burodin unguwarsu, ya tsaya ya gani da idonsa. A ajiye rubutun a ƙarƙashin wannan maƙala, za mu duba tare, mu yi gyara cikin mutunta juna kamar yadda muka saba.

Kuma tun kafin hunturu ya kankama, don Allah a tunatar da na gida: kaskon garwashi ba ya kwana a rufaffen ɗaki, janareto ba ya zama a cikin gida. Wanda ya ji ciwon kai da jiri a ɗakin da ke da wuta, a buɗe ko'ina, a fita da shi sarari, a nufi asibiti.

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mun ga rubutunku.